Awon Abin Da Ba Ya Tsayawa

Ƙarfe biyun dare a Dakace.
Injuna na gurnani, shayina ya huce,
bututu mai kaurin cinyar raƙumi ya ratsa gabana,
ruwan tumatir na gudu a cikinsa zuwa tukunya.
Ban ga ko ɗigo ba,
amma allo ya ce lita dubu goma sha biyu a awa,
ni kuma na yarda.

Mahaifina Mikailu da garwa yake lissafi.
Shekara talatin a Tudun Jukun, sanda a kafaɗa,
sai ruwa ya tsaya, ya nutsu, ya kai baki,
sannan ya ce ɗaya.
Kanta biyu ya bari a kafaɗunsa,
su ne littafin ajiyarsa.

Da na kawo shi ya ga wurin aikina
ya ƙwanƙwasa mitar da ɗan yatsa.
Ina bakinta? Ina fankar da ke juyawa?
Na ce babu, Baba, leƙa ka gani:
rami ne fayau, an shafe cikinsa da roba,
ko ɓawon tumatir bai da inda zai maƙale.
Tsohuwar mai fanka, duk Laraba sai mun kwance ta
mu sakace mata haƙori.

Ga naɗin wayar jan ƙarfe, ɗaya sama, ɗaya ƙasa.
In wuta ta shige su sai maganaɗisu ya tashi,
ya shimfiɗa zare a gicciye, zaren da ido bai gani,
kamar saƙar masaƙan Anguwar Liman ba auduga.
Ruwa ya zo a guje ya keta zaren,
ɗan gishirin da ke jikinsa ya motsa,
sai lantarki ya tsiro, ƙanƙane,
bai isa ya girgiza gashin ƙuda ba.
Kunnuwa biyu na ƙarfe, dama da hagu,
su ke jin wannan raɗa.
Ruwa ya yi sauri, raɗar ta ƙaru.
Ya yi sanɗa, ta ragu.
Faɗin bututu mun san shi tun ran da aka ƙera,
saura aikin ninkawa ne.

Ya yi shiru, ya ce, to man gyaɗa fa?
Na yi dariya, don ya taɓo inda ke ciwo.
Mai ba ya ɗaukar wuta,
ya wuce ta gabanta kamar baƙon da bai sallama,
allo ya nuna sifili, tanki kuwa na cika.
Kowace gwana da abin da ya fi ƙarfinta.

Akwai daren da lambobi suka haukace,
dubu tara, dubu ashirin, uku, babu.
Tanimu yarona ya ce ta fara ƙarya, a kira Kaduna.
Na ɗora kunne a jikin ƙarfen,
na ji ƙululu, irin na cikin mai azumi.
Iska ce. Famfo ya zuƙo kumfa, bututu bai cika ba,
kunne ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe.
Muka buɗe bawul, ta yi gyatsa mai tsawo,
lambobi suka dawo suka zauna.
Na ce, Tanimu, kafin ka ƙaryata shaida
duba ko an bar shi ya ga komai.

Baba bai ce komai ba ran nan sai a hanya.
Mun kai gadar Galma, ya tsai da ni,
ya daɗe yana kallon ruwa na wucewa, ja saboda damina.
Ya ce, wannan fa, garwa nawa?
Na ce ban sani ba.
Ya gyaɗa kai, kamar an rage masa kaya.

Yanzu asuba ta kusa, ladan na gyara murya a nesa.
Na rubuta lambar ƙarshe a littafi,
na zuba ragowar shayin a kwata,
na ji kaina ina cewa, rabin kofi.